Molchat Doma da Kasuwar Baƙin Ciki

Masu sharhin kiɗa a Turai sun saba auna duk sabuwar ƙungiya mai kiɗan jimami da mudun Joy Division, ƙungiyar birnin Manchester da ta watse bayan mutuwar mawaƙinta Ian Curtis a 1980. Haka aka yi wa Molchat Doma, ƙungiyar samari uku da aka kafa a Minsk, babban birnin Belarus, a 2017. A ganina mudun bai dace ba.

Kamanni dai akwai. Jita mai kaurin amo ce ke jan ragamar waƙa, muryar Egor Shkutko kuwa kakkaura ce, ba ta hawa ba ta sauka. Amma gangar na'ura da suke amfani da ita, da rerawarsu cikin Rashanci, sun fi kusa da gadon Kino, ƙungiyar Viktor Tsoi da ta tashe a Leningrad kafin rasuwarsa a 1990. Wanda ya tsallake wannan tsatso zai ɗauke su 'yan kwaikwayon Ingila kawai.

Babbar matsalar tana wajen masu saurare. Faifansu na biyu, Etazhi, ya fito a 2018 ta hannun wani ƙaramin kamfani a Jamus, Detriti. Sai a 2020 waƙar "Sudno" da ke cikinsa ta game TikTok, matasan da ba su jin ko kalma ɗaya ta Rashanci suna rawa da ita, suna nuna tufafinsu. Baitukan kuwa na Boris Ryzhy ne, marubucin Yekaterinburg da ya kashe kansa a 2001 yana ɗan shekara 26, kuma zancen ɗakin asibiti da mutuwa suke yi. Hatta benen da ke bangon faifan, wanda da yawa suke ɗauka hoton garinsu ne, otal ne a ƙasar Slobakiya. Wato abin da ya sami kasuwa shi ne yanayi: sanyi, siminti, da begen Tarayyar Sobiyet a zukatan waɗanda ba su taɓa rayuwa cikinta ba.

Za a iya cewa kiɗa ba ya bukatar tafinta, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai idan aka raba jimami da dalilinsa, ado ya zama. Laifin ba na makaɗan ba ne, amma su ma sun ci moriyarsa: a 2020 suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Sacred Bones na Amurka, daga baya suka koma Los Angeles da zama.