Yakoblef a ƙasar Hausa, 1924: daga zanen gaban ido zuwa bangon nuni a Paris

1. Gabatarwa

Masu nazarin tarihin Damagaram, Tasawa da Katsinar Maraɗi a farkon mulkin mallaka suna fama da ƙarancin hotuna. Rahotannin kumandodi suna nan jibge a ma'ajiyar takardu, labaran baka ma akwai su, amma fuskokin mutanen shekarun 1920 kaɗan ne suka iso gare mu. Saboda haka duk ɗalibin da ya ci karo da wani zane na Alexandre Iacovleff (za mu riƙa rubuta Yakoblef, bisa furuci) yakan yi maza ya manna shi cikin kundinsa a matsayin shaida, ba tare da ya tambayi inda aka yi zanen, ko yaushe, ko don wa ba.

A wannan maƙala muna son mu nuna cewa aikin wannan mai zane hawa uku ne: zanen mutum da yake yi a gabansa, ɗan fentin da yake yi a fili, da kuma babban hoton da yake haɗawa a ɗakin aikinsa na Paris don nuni. Nauyin shaidar waɗannan ukun ba ɗaya ba ne, kuma wajibi ne mai tarihi ya san hawan da ke hannunsa kafin ya gina magana a kai.

2. Mai zanen da horonsa

An haifi Yakoblef a birnin San Fitasbag na ƙasar Rasha a 1887. Ya yi karatu a Makarantar Koli ta Zane ta wannan birni daga 1905 zuwa 1913, a hannun Dmitri Kardovski, malamin da ya ɗauki zanen jikin mutum a matsayin tushen sana'ar baki ɗaya. A nan ne shi da abokinsa Vasili Shukhaev suka ƙware da wani jan alli da Faransawa ke kira sanguine, wanda launinsa ya yi kusa da na jar ƙasa, kuma yana ba da damar fitar da tudu da kwarin fuska ta hanyar murza shi da yatsa.

A 1917 ya tafi gabas mai nisa, ya zaga Sin, Mongoliya da Japan. Juyin juya halin Rasha ya same shi a can, bai koma gida da zama ba, sai ya sauka a Paris. Nunin ayyukansa na gabas da aka yi a zauren Barbazanges a 1920 shi ya fito da sunansa. Watau kafin ya taka ƙasar Afirka ya riga ya saba da tsarin aiki guda: a yi tafiya, a tara zane, a dawo a yi nuni, a buga kundi.

Wannan tsari ya girme shi. Delacroix ya cika littattafan aljihu da zane a Maroko da Aljeriya a 1832, sannan ya yi babban hotonsa na matan Alje a Paris a 1834. Abin da ya sauya tsakanin zamanin mutanen biyu shi ne kayan aiki. Tun da Ba'amurke John Rand ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi na ajiye fenti a 1841, ɗaukar launi zuwa daji ya yi sauƙi, har yin fenti a fili ya zama al'ada a Faransa.

3. Tafiyar Citroën da kwanakinta a Nijar

André Citroën, mai masana'antar motoci, ya riga ya aika motocinsa sun ƙetare Sahara daga Tugurt zuwa Tambutu tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923. Tafiya ta biyu, wadda aka sani da suna Croisière noire, ta tashi daga Kolom-Beshar a Aljeriya ranar 28 ga Oktoba 1924 da motoci 8 masu ɗamarar roba a madadin ƙafafun baya, ta ƙare a Antananarivo ta Madagaska ranar 26 ga Yuni 1925. Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil ne jagorori. Léon Poirier da Georges Specht ke ɗaukar fim, Yakoblef kuma shi ne mai zanen ayari.

Ayarin ya iso kogin Kwara a Burem cikin watan Nuwamba, ya biyo ta Yamai da Doso, ya ratsa ƙasar Hausa ta Tasawa zuwa Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedkwatar mulkin mallakar Nijar (sai a 1926 aka mayar da ita Yamai). A tsakiyar Disamba suna bakin tafkin Cadi, kafin ƙarshen watan kuma suna Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Ke nan zaman Yakoblef a ƙasar Hausa makonni ne ƴan kaɗan, a cikin yanayi guda, bayan kaka, lokacin da hunturu ke shigowa.

Akwai abu biyu da ya kamata mu riƙe. Na farko, tafiyar talla ce ta mota, kuma hukumar mulkin mallaka ce mai masauki: an ajiye mai da kayan gyara a zangon-zangon tun kafin isowarsu, kuma hanyoyin wancan zamani da aikin tilas ake share su, aikin da ba a soke ba sai a 1946. Na biyu, abin da baƙi suka fi gani shi ne tarya: sarakuna, mahaya cikin lifidi, ƴan algaita da makaɗa. Ranar tarya kuwa kowa da kayan adonsa yake fitowa.

4. Hawa na farko: zanen mutum a gaban ido

An san Yakoblef da saurin hannu. A zango yakan zaunar da mutum, ya ɗauki jan alli, gawayi, wani lokaci da allin launi, ya fitar da kai da kafaɗu a kan babbar takarda. Al'adarsa ce ya sa hannu, ya rubuta wuri da shekara, sau da yawa har da sunan mutumin. Wannan shi ne hawan da ya fi amfani ga mai tarihi. Naɗin rawani, amawali, tsagar fuska, kitso, layu da ɗinkin wuyan riga duk ya gan su da idonsa a tazarar taki biyu ko uku, kuma horonsa na bin ƙashi da tsoka ya hana shi mayar da fuskoki iri ɗaya. A zamanin da katunan gidan waya ke nuna ɗan Afirka a matsayin samfurin ƙabila, mutanen Yakoblef kowa da kamanninsa.

Duk da haka, ko a wannan hawa akwai tacewa. Mu ɗauki zanen Sarkin Damagaram, wanda aka rubuta wa suna Barma Mata. Mutumin da ke kan gadon sarauta a 1924 shi ne Barma Mustafa. Faransawa sun tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa a 1906 bisa zargin ƙulla makirci, suka kai shi gudun hijira, suka bar garin a hannun Ballama. Sai a 1923 suka mayar da sarautar ga gidan. Mai kallo a Paris ya ga sarki mai kwarjini kamar wanda mulkinsa bai taɓa yankewa ba, alhali shekara ɗaya ke nan da maido da gadon, kuma da izinin gwamna Jules Brévié. Fuskar gaskiya ce, tufafin ma haka, amma tarihin kujerar ba ya cikin takardar.

Ga mai nazarin harshe, rubutun ƙarƙashin zanen shi ma abin dubawa ne. Mai zane da wanda ake zanawa ba su da harshe guda, suna kan bi ta bakin tafinta ya shiga kunnen Barashe, sannan a rubuta shi da ƙa'idar Faransanci. A haka Tasawa ta zama Tessaoua, ɗ ta Maraɗi ta ɓace, tsawon wasali da karin sauti kuma babu alamarsu. Kalmar sarki takan fito da siffar serki ko serky, a ɗauke ta kamar sunan yanka, har a gabatar mata da sultan, sarauta ta hau kan sarauta. Kafin a yi amfani da irin wannan suna dole a mayar da shi bakin Hausa, a tantance wane yanki ne suna, wane ne laƙabi, wane ne sarauta, sannan a gwama da jerin sarakuna da labarin fada.

5. Hawa na biyu: fenti a fili

Bayan mutane, Yakoblef ya yi ƙananan hotunan wurare a kan hanya. Don a fahimci darajarsu sai a san halin kayan aikin. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe. A cikin iskar hunturu ƙura takan manne wa ɗanyen fenti, kuma mota mai tashi gobe da asuba ba ta jiran ƙyalle ya sha iska. Shi ya sa babban hoton mai ba ya yiwuwa a zango, sai dai ɗan ƙarami mai siririn shafi, ko kuma fentin ruwa mai kauri da tamfera, waɗanda ke bushewa nan da nan. Yakoblef ya yi amfani da tamfera sosai a rayuwarsa ta aiki.

Ga kuma matsalar haske. Rana tana tafiya, inuwar katanga da ta faɗi yamma da hantsi ta koma gabas da la'asar, saboda haka mai fenti a fili yana da sa'a ɗaya ko biyu kawai. Abin da yake kamawa shi ne manyan siffofi da launi: jan ƙasa, hazon da ke dushe sararin sama, tsayin gini a kan na mutum. Abin da yake zubarwa shi ne ƙananan bayanai. Wanda ke nazarin ginin Birnin Damagaram, da ganuwar da aka yi zamanin Sarki Tanimun, zai iya dogara da irin wannan hoto wajen sanin kamannin wuri gaba ɗaya a hunturun 1924. Ba zai ƙirga ƙofofi ko gidaje da shi ba, domin mai fenti yana da ƴancin kawar da bishiya ko matso da dutse don hoton ya zauna daidai.

6. Hawa na uku: ɗakin aiki da nuni

Da ayarin ya koma Faransa, Yakoblef ya shiga ɗakin aikinsa da ɗaruruwan zane. Daga cikinsu ya haɗa manyan hotuna, har da na taron jagororin tafiyar. A nan mutumin da aka zana a wani gari zai iya tsayawa kusa da wanda aka zana a wani, a bayansu kuma a sa fili daga wani ɗan fenti na uku. Wannan ba ha'inci ba ne a ƙa'idar sana'ar, haka Delacroix ya yi. Sai dai hoton da ya fito ba ya shaidar wata rana ko wani wuri takamaimai.

An nuna fim ɗin tafiyar a watan Maris 1926. A watan Mayu aka buɗe nunin Yakoblef a zauren Charpentier da ayyuka fiye da 200, ya samu kasuwa da yabo, kuma a wannan shekara aka ba shi lambar girma ta Légion d'honneur. A ƙarshen shekarar aka baje kayan da ayarin ya kwaso a wani ɓangare na fadar Louvre. A 1927 Lucien Vogel ya buga kundin Dessins et peintures d'Afrique mai ɗauke da hotuna 50.

Mu lura da masu kallon. Paris ta 1926 tana cikin yayin duk abin da aka ce na baƙar fata ne: Joséphine Baker ta fara wasa a can a watan Oktoba 1925, a shekarar kuma aka kafa Cibiyar Nazarin Ƙabilu ta jami'ar Paris. A bangon nuni, bafaden ƙasar Hausa yana rataye kusa da matar Mangbetu ta Kwango. Mutumin da Yakoblef ya zana da sunansa, jerin ya mayar da shi wakilin jinsi, zango ɗaya a cikin tafiyar Citroën. Yunwar 1913 zuwa 1914, yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 a Abzin, haraji da aikin tilas, waɗanda duk manyan da ya zana sun rayu cikinsu, ba su da gurbi a wannan bango.

Bayan haka Yakoblef ya je Habasha a 1928, ya bi tafiyar Citroën ta Asiya a 1931 zuwa 1932, ya koyar a makarantar zane ta Boston a Amurka daga 1934 zuwa 1937, ya rasu a Paris a 1938. Ayyukansa sun watsu tsakanin gidajen tarihi da hannun masu tarawa. An sake tattara wani kaso nasu a nunin da aka yi a Boulogne-Billancourt a 2004.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarar tambayoyi huɗu ga duk mai son sa hoton Yakoblef cikin bincikensa. Da me aka yi shi, alli ne a takarda ko fenti a babban ƙyalle? Wane wuri da wace shekara aka rubuta a jikinsa, 1924 ko 1926? Wane ne mutumin idan aka mayar da sunansa Hausa? Wa ya kawo shi gaban mai zane, kuma a wace irin rana? Zanen da ke ɗauke da sunan gari da shekarar 1924 shaida ce mai ƙarfi a kan tufafi, ado da kamanni. Hoton da aka gama a Paris shaida ce a kan abin da Paris ke son gani.

Aikin da ya rage namu ne, kuma na gaggawa ne. Waɗanda aka zana suna da jikoki da tattaɓa-kunne a Damagaram, Tasawa da Maraɗi, kuma a fadodin nan akwai maroƙa da dattawan da ke riƙe da jerin masu sarauta. Idan aka kai musu kwafin waɗannan zane-zane, aka naɗi abin da za su faɗa, za a iya gyara sunayen, a san gidajen, a kuma haɗa kowace fuska da labarinta. Muna ganin wannan bincike ne da ya dace ɗalibin tarihi da na kimiyyar harshe su yi shi tare.