Hasken gamma daga dunƙulen taurari: abin da ake nema a Namibiya

Dunƙulen taurari wani cincirindo ne na tsofaffin taurari, dubbai ɗaruruwa, wani lokaci har miliyan, da suka cure wuri guda kamar ƙwallo. Kada a haɗa su da Kaza da ƴaƴanta da muke gani da ido, waɗancan ƙuruciya gare su, kuma a warwatse suke. A cikin babban garken taurarin da duniyarmu take ciki, an san dunƙule wajen 150.

Abin da ya ja hankalin masana gare su shi ne fulsar, wato gawar tauraron da ya fashe ya bar ƙwaya ƴar ƙarama mai nauyin gaske, tana juyawa kamar katantanwa. A cikin dunƙulen da ake kira Terzan 5, wanda masani Agop Terzan ya gano a Faransa a 1968, an ƙirga irinsu sama da 30. Ɗaya daga ciki tana juyawa sau 716 cikin daƙiƙa guda. To, masana sun ce irin wannan taron dole ya riƙa watso ƙwayoyin lantarki masu tsananin gudu, su kuma in sun bugi hasken taurarin da ke kewaye sai su mayar da shi hasken gamma, wanda ƙarfinsa ya ninka na hasken da ido ke gani sau dubban miliyoyi.

Wannan haske ba ya isowa ƙasa. Da ya shigo iskar sama sai ya tarwatse, ya bar wani ɗan walƙiya shuɗi da ba ya kai ko ƙiftawar ido. Shi ne manyan madubai ke kamawa, cikin dare mai duhu. Tashar H.E.S.S. da ke tsaunukan Khomas a Namibiya tana da madubai biyar: huɗu masu faɗin mita 12, da babbansu mai mita 28 da aka ƙara a 2012.

Sakamakon dai bai taka kara ya karya ba tukuna. A 2009 tauraron ɗan adam Fermi ya ga hasken gamma daga dunƙulen 47 Tucanae, amma mai matsakaicin ƙarfi. A 2011 H.E.S.S. ta ba da sanarwar ganin mai tsananin ƙarfin a wajen Terzan 5, wanda haskensa ke yin shekara kusan 19,000 kafin ya iso gare mu. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: hasken bai fito daga tsakiyar dunƙulen ba, inda fulsar ɗin suka taru, ya ɗan goce gefe. Shi ya sa har yanzu ake gardama ko na dunƙulen ne, ko wani abu ne daban da ya faɗo kan layi ɗaya da shi. A 2013 tashar ta fitar da binciken wasu dunƙule 15, ba a ga komi ba a ko ɗaya.