WANENE ZAI KOYA WA MAI KOYARWA?

A cikin Luka 6:40 Ubangijinmu ya yi magana a kan almajiri da malaminsa. Ya nuna mana cewa ɗalibi yakan ɗauki kamannin wanda ya horar da shi. Wannan magana ta shafi kowane gida da ke biyan kuɗin makaranta. Muna sayar da doya, da acca, da akuya domin mu sa yaro a sakandaren mishan. Muna duba gini, muna tambayar sakamakon jarrabawa. Amma da wuya mu tambaya, wanene ya horar da malamin da zai tsaya a gaban yaronmu shekara shida? A yau za mu duba yadda Ɗarikar Katolika ta fuskanci wannan tambaya a cikin tarihinta. Ko kai ɗan Katolika ne ko ɗan wata ɗarika, akwai darasi a ciki domin dukanmu.

Labarin ya soma a ƙasar Faransa. A shekara ta 1651 aka haifi Yohanna de La Salle a birnin Reims. Mahaifinsa alƙali ne, gidansu gidan masu hali ne. Ya yi karatu mai zurfi, aka keɓe shi Fada a 1678, yana kuma da muƙami mai albashi a babbar majami'ar birnin. A 1679 ya sadu da wani mutum mai suna Adrien Nyel, wanda ya zo buɗe makarantu kyauta domin 'ya'yan talakawa. La Salle ya taimake shi, makarantu suka buɗe, yara suka cika azuzuwa.

Ba da daɗewa ba matsala ta fito fili. Malaman da aka samu talakawa ne, karatunsu kaɗan ne, babu wanda ya taɓa koya masu yadda ake riƙe aji. A zamanin nan koyar da 'ya'yan talakawa aiki ne na wanda ya rasa abin yi. La Salle ya gane cewa buɗe makaranta abu ne mai sauƙi, samun malami shi ne aikin. Sai ya fara kiran malaman su ci abinci a gidansa, yana koya masu a wurin cin abincin. A 1681 ya kawo su suka zauna a gidan gaba ɗaya. Danginsa suka ji kunya ƙwarai, har suka ɗauke waɗansu ƙannensa daga hannunsa. A 1682 ya bar gidan mahaifinsa ya koma gidan haya tare da malaman.

Duk da haka malaman ba su natsu ba. Da ya yi masu wa'azi su dogara ga Allah, suka nuna masa cewa shi yana da dukiya da muƙami, in makarantu sun rushe ba abin da zai same shi, su kuwa bara za su shiga. Maganar ta kama shi. A 1683 ya ajiye muƙaminsa, a lokacin yunwar da ta biyo baya kuma ya rarraba dukiyarsa ga matalauta. Daga nan malaman suka zama ƙungiya, ana kiransu 'Yan'uwan Makarantun Kirista. Babu Fada a cikinsu. La Salle ya so mutanen da koyarwa ce kaɗai kiransu.

Sai limaman ƙauyuka suka fara roƙo a aiko masu da malamai. 'Yan'uwan ba su da yawa, saboda haka wajen 1685 La Salle ya buɗe makaranta a Reims inda ƙauyuka ke aiko da samarinsu a horar da su, su koma gida su koyar. Ana lissafta ta cikin makarantun horon malamai na farko a Turai. Ya kuma kawo canji biyu manya. Na ɗaya, yara su fara koyon karatu da Faransanci, harshen da suke ji, maimakon Latin. Na biyu, a raba yara aji aji bisa ga matakinsu, a koya masu tare, maimakon malami ya kira su ɗaya ɗaya sauran suna wasa. Mu da muka koyi Maganar Allah da Hausa da harsunan iyayenmu mun san amfanin canji na ɗaya.

Horon bai ƙare ranar da malami ya shiga aji ba. Kowace shekara a lokacin hutu 'Yan'uwan sukan taru domin addu'a da duba aikinsu, La Salle ya kuma rubuta masu darussan bimbini a kan kiran malami. Kowane wata sukan rubuta masa wasiƙa, yana ba su amsa. Sabon malami yakan koyi aiki a ƙarƙashin tsoho. Suka kuma shirya littafin jagora a kan tafiyar da makaranta, wanda aka buga a 1720. Ba La Salle kaɗai ya zauna ya ƙirƙiro shi ba. Ya yi ta tara ƙwararrun malamai, ana tattaunawa, ana rubuta abin da aka gwada aka ga ya yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikin littafin akwai yadda za a tsara darasi, yadda za a rubuta halin kowane yaro domin malamin da zai gaje shi, da yadda za a yi horo ba cikin fushi ba.

Aikin ya sha wuya. A 1691 ƙungiyar ta kusa mutuwa, har La Salle da 'Yan'uwa biyu suka yi alkawari za su tsaya ko da sun rage su uku kaɗai. A Paris malaman da ke karɓar kuɗi suka kai shi ƙara, domin makarantun kyauta suna janye masu ɗalibai. Amma a 1705 ya buɗe makarantar kwana a Saint-Yon inda manyan yara ke koyon lissafi da sha'anin kasuwanci, irin abin da muke kira sakandare a yau. Ya mutu ranar Jumma'a Mai Kyau ta 1719, ya bar 'Yan'uwa wajen 100. A 1900 Ikilisiyar Katolika ta sa shi cikin tsarkaka, a 1950 kuma Paparoma Pius na 12 ya ba da shi a matsayin uban malamai.

Yanzu bari mu dawo gida. A 1907 Fadocin SMA suka kafa mishan a Shendam. Duk inda mishan ta je, da makaranta take tafiya, malamin makaranta kuma sau da yawa shi ne katekis na ƙauyen. Su ma suka ga abin da La Salle ya gani, suka buɗe kwalejojin horon malamai, kamar wadda aka yi a Kafanchan. Mishan ta SUM ta fara nata horon a Gindiri a 1934. Daga baya sakandare suka zo, kamar Kwalejin St. John a Kaduna, St. Joseph a Vom, da St. Murumba a Jos. 'Yan'uwan La Salle da kansu sun zo Nijeriya, suna da kwaleji a Naka cikin Jihar Binuwai. Da yawa daga cikin likitoci, alƙalai da ma'aikata na farko daga ƙananan kabilunmu ta hannun malaman mishan suka fito.

A 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta fitar da takarda a kan ilimin Kirista. Ta ɗora nauyin makarantar Katolika a kan malamai, ta ce a shirya su sosai cikin ilimin zamani da na addini, su sami takardun shaida da suka dace, su kuma riƙa sabunta hanyar koyarwarsu. A 1982 Roma ta sake fitar da wata takarda musamman domin malaman da ba Fada ko Sista ba, gama su ne suka zama mafi yawa a azuzuwa.

A ƙasarmu kuwa, cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan da yawa. St. John ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Horon malamai ya koma hannun gwamnati. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. A 1993 aka kafa hukumar yi wa malamai rajista. Waɗannan suna ba da takarda da ƙwarewa, muna godiya. Amma ba aikinsu ba ne su koya wa malami cewa koyarwa hidima ce a gaban Allah. Da ikilisiyoyi suka sake buɗe nasu makarantu, gini ya dawo, suna ya dawo, amma a wurare da dama tsohon horon nan bai dawo tare da su ba.

Menene tarihin nan yake faɗa mana? La Salle ya fara da ciyar da malami kafin ya gyara shi, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Makarantar da ke riƙe albashin malami wata da watanni ba za ta riƙe malami mai kyau ba. Ya kuma sa horo ya zama na kowace shekara, ya sa tsoho ya riƙe hannun sabo, ya sa malamai su rubuta abin da suka koya domin na baya. Waɗannan ba su bukatar kuɗi mai yawa. Makarantu uku ko huɗu na yanki ɗaya za su iya tara malamansu mako guda a dogon hutu. Tsofaffin malaman da suka yi ritaya suna zaune a bencin majami'unmu, ba wanda ya neme su.

Iyaye, in kun je taron iyaye da malamai, ku tambayi shugaban makaranta yaushe aka yi wa malamai horo na ƙarshe, ko akwai littattafan da suke shirya darasi da su, ko ana biyansu a kan kari. Dattawan Ikilisiya, in kuna kasafin ginin sabon aji, ku sa kason malami a ciki. Manzo Bulus ya umarci Timoti, a 2 Timoti 2:2, ya danƙa koyarwa ga amintattun da za su iya miƙa ta gaba. Bari mu yi addu'a domin malaman 'ya'yanmu, mu kuma tallafe su. Ubangiji ya taimake mu. Amin.