Makarantar Fourah Bay Da Littattafan Ɗalibanta Na Dā

A shekara ta 1827 ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta buɗe wata makaranta a Fourah Bay, gefen birnin Freetown, a ƙasar Saliyo. Nufinta shi ne a koyar da malamai da masu wa'azi daga cikin bayin da jiragen ruwa na Ingila suka kuɓutar a teku. Ban da Littafi Mai Tsarki da lissafi, an riƙa koya wa ɗalibai Helenanci, harshen Sabon Alkawari, da Latin, wato Romanci. Daga baya aka ƙara Ibrananci da Larabci. A 1876 aka haɗa makarantar da Jami'ar Durham ta Ingila, ɗalibanta suka fara samun digiri. Saboda yawan masu ilimi, har aka yi wa Freetown laƙabi da Atina ta Afirka ta Yamma.

Tun a wancan zamani akwai masu gunaguni. Waɗansu Turawa suna cewa me ya haɗa ɗan bawa da Helenanci, gara a koya masa noma da sassaƙa. Waɗansu baƙaƙen fata kuma suna tsoro kada karatun ya raba yaro da harshen uwarsa. Littattafan da ɗaliban suka bari su ne za su raba gardama.

Na farko a littafin sunayen makarantar shi ne Samuel Ajayi Crowther. Yaro ne Bayarabe daga Osogun. An kama shi bawa a 1821, aka kuɓutar da shi a 1822, aka yi masa baftisma a 1825. A 1841 ya bi jiragen da suka hau kogin Kwara tare da wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön. Shi wannan Schön a Saliyo ya fara koyon Hausa, daga bakin Hausawan da aka 'yantar, ya kuma buga littafin kalmomin Hausa a 1843 da ƙamus a 1876. Ashe kuwa aikin rubuta Hausa da boko yana da saiwa ɗaya a Saliyo.

Wanda ya sha wuyar nahawun Helenanci ya san yadda ake feɗe harshe, a ware suna daga aikatau. Da wannan gwaninta Crowther ya juyo kan harsunan gida. Ya buga littafin kalmomin Yarabanci a 1843, da littafin koyon karatu na harshen Ibo a 1857, da nahawun Nufanci a 1864, shekarar da aka naɗa shi bishop a Canterbury. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, ta haɗa da takardun juyi da kalmomi da karin magana da ya yi shekaru yana tarawa. Bai karaya ba, ya sake ɗaukar alƙalami. A 1884 aka kammala Littafi Mai Tsarki da Yarabanci, aikin da shi ya ja gabansa. Duk da haka a 1890 waɗansu samarin 'yan mishan daga Ingila suka ci mutuncinsa a Onitsha, suka dakatar da fastocinsa. Ya rasu ranar 31 ga Disamba, 1891, da baƙin ciki. Hukuncin samarin ya wuce da zamaninsa, littattafan tsohon kuwa har yanzu ana amfani da su.

Na biyu shi ne James Horton, wanda aka haifa a 1835 a ƙauyen Gloucester kusa da Freetown, iyayensa 'yan kabilar Ibo. Daga Fourah Bay ya tafi Landan da Edinburgh, ya zama likita a 1859. Yana ɗalibi ya ƙara wa kansa suna na Latin, Africanus, wato mutumin Afirka. A kwanakin nan waɗansu masana a Ingila suna koyar da cewa baƙar fata ba ta da kwanyar karatu. Horton ya amsa musu a 1868 da littafinsa West African Countries and Peoples. Ya tuna musu da Terence, marubucin wasanni na Roma, wanda bawa ne daga Afirka. Ya tuna musu da Tertullian da Augustine, iyayen ikilisiya, waɗanda Afirka ta Arewa ta haifa. Da sandar da suka ba shi ya rama. A cikin littafin ya roƙi a kafa jami'a a Afirka ta Yamma, ya kuma nuna yadda ƙasashen yankin za su iya mulkin kansu. Ya rasu a 1883.

Na uku, Obadiah Johnson, shi ma likita ne da ya bi ta Fourah Bay. Wansa Samuel, faston Oyo, wanda a Abeokuta ya yi nasa karatu, ya yi shekaru yana zama da tsofaffi da makaɗan fada yana rubuta tarihin Yarabawa. Ya gama a 1897. Aka aika da takardun Ingila don a buga, sai suka ɓace. Samuel ya rasu a 1901 bai ga littafinsa ba. Obadiah ya tattara guntayen takardun da wansa ya bari, ya sake rubuta littafin tun daga farko. Shi ma ya rasu a 1920, littafin ya fito a 1921. Da ƙanen bai yi wannan zumunci ba, da tarihin wata babbar al'umma ya bi iska.

Na huɗu, J. E. Casely Hayford, mutumin Cape Coast ne a ƙasar da ake kira Gana yau. Ya zama lauya da ɗan jarida. A 1903 ya buga littafi kan sarauta da dokokin gargajiya na ƙasarsu, don ya nuna cewa mutanensa suna da tsarin mulki tun Turawa ba su zo ba. A 1911 ya buga Ethiopia Unbound, ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai na farko da ɗan Afirka ya rubuta da Turanci. Bayan waɗannan sai Kenneth Dike na Nijeriya, wanda littafinsa kan ciniki da siyasa a bakin kogin Kwara ya fito a 1956, ya kuma zama baƙar fata na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan.

Ba dukan ɗalibai suka bi wannan hanya ba. Akwai waɗanda karatun ya sa musu girman kai, suka riƙa raina mutanen karkara da harsunansu, abin da ya jawo rashin jituwa a Saliyo. Amma waɗanda ake tunawa da su yau su ne waɗanda suka kawo iliminsu gida.

A 1999, lokacin yaƙin basasa, wuta ta cinye tsohon ginin makarantar, sai bango ya rage. Littattafan da aka buga kuwa wuta ba ta same su ba, gama sun riga sun bazu cikin duniya.

Ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa sun sami cikakken Littafi Mai Tsarki tun 1932, makarantun tauhidi kuma suna yaye masu karanta Helenanci da Ibrananci. Amma labarin masu bishara na farko a garuruwa da yawa yana bakin tsofaffi ne kawai, littattafan baftisma na dā kuma gara tana cinsu a akwati. Johnson ya sami ƙane da ya ceci aikinsa. Wajibi ne kowace ikilisiya ta nemi wanda zai zauna da tsofaffinta, ya rubuta abin da suka sani, ya kuma ajiye kofi fiye da ɗaya.