Daga Rali Zuwa Bakin Tafkin Jabi: Tarihin Keke a Hanyarmu



Duk wanda ya je tafkin Jabi da sanyin safiyar Asabar zai ga matasa da hular kwano suna zagaye a kan keke don motsa jiki. Mu da muka taso a Uke, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, abin yakan tuna mana da iyayenmu, domin su keke ba abin nishaɗi ba ne a wurinsu, abin neman abinci ne.

A da, mai keke Rali babban mutum ne a gari. Da shi ake kai doya da hatsi kasuwar Keffi, da shi ake kai mara lafiya asibiti. Yara kuwa sai haya, su biya kuɗin awa guda, su koya da faɗuwa da ƙujewar gwiwa. Iyayenmu sun san lokacin kowace tafiya. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, laka kan cika taya, rafi ya tare hanya, sai mutum ya saɓa kekensa a kafaɗa ya haye. Da hunturu hanya ta bushe, amma hazo kan rufe ido, ƙura ta ci sarƙa. Da bazara kuwa, in ba ka fita bayan asuba ba, rana ce za ta mayar da kai gida.

Abubuwa sun fara canzawa a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi Abuja ta zama babban birni. An haƙa madatsar Jabi don samar wa sabon birnin ruwa, kafin ta Usuma ta karɓi aikin. Da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, motoci suka cika hanyarmu, babura suka biyo baya, keke ya koma gefen kwalta.

A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ƙoƙarin dawo da martabar keke, har yakan hau shi zuwa taron majalisar zartarwa. Wata rana motar bas ta tura shi cikin rami a gefen titi. Mutane sun yi ta dariya, amma darasin a fili yake: an shimfiɗa tituna, ba a bar wa mai keke wurinsa ba.

Yau ɗan Uke da ke son hawa a bakin tafkin sai ya ɗora kekensa a mota, ya ratsa cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni ranar keke tun 2018. Ranar ta zo, mu haɗa baki mu nemi a ware wa masu keke layinsu a wannan hanya, mu kuma koya wa 'ya'yanmu sa hular kwano da kunna fitila.

Allah ya tsare mu a kan hanya, amin.