Yoyon Wutar da Ya Sauya Siffar Manyan Wayoyin Lantarki

Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin babbar wayar lantarki da daddare ya san ƙarar nan mai kama da suyar mai, wani lokaci har da ɗan haske shuɗi a jikin wayar. Wuta ce ke zurarewa cikin iska, abin da injiniyoyi ke kira korona. Da zarar ƙarfin lantarki a fatar waya ya kai kusan bolt 30,000 a kowace santimita, iska ba ta iya tare shi.

Tun a 1911 Frank Peek na kamfanin General Electric a Amurka ya auna al'amarin, ya nuna cewa siririyar waya, da ƙarzazzen jikinta, da iska maras nauyi ta kan tsaunuka ne ke hanzarta shi. Maganinsa kauri, amma kauri na tafe da nauyi da tsada. Sai aka koma jera wayoyi biyu ko fiye da 'yar tazara a tsakani, kamar yadda Suwidin ta yi a layinta na bolt 380,000 a 1952.

Duk wannan ilimi an tara shi ne a kan wuta mai kai da komo. Wuta mai gudu gefe guda ta zo da nata hali. Layin tsibirin Gotland na Suwidin na 1954 ta ƙarƙashin teku ya bi, bai haɗu da iska ba. Amma da aka ja layin Oregon zuwa Los Angeles a 1970, lamarin ya fito fili: ƙwayoyin iskar da suka ɗauki caji ba sa komawa jikin waya, sauka suke yi ƙasa, iska ta kwashe su. Ƙarar ma ta saɓa, domin ta fi tashi a busasshen yanayi, ba lokacin ruwan sama ba kamar ta wuta mai kai da komo.

Manoman Minnesota a Amurka da suka tayar da ƙayar baya kan wani layi irin wannan a ƙarshen shekarun 1970, har suka kayar da turakun ƙarfe, gonakinsu suke karewa, amma tsoron waɗannan ƙwayoyi na cikin damuwarsu. A ganina tambayarsu halas ce, ko da yake binciken da ya biyo baya bai tabbatar da illa ga mutum ko dabba ba.

Dabarar jera wayoyi kuwa ta bi wuta mai gudu gefe guda: layin Changji zuwa Guquan a Sin, mai bolt 1,100,000 da tsawon kusan kilomita 3,300, wayoyi takwas yake ɗauke da su a kowane ɓangare.