Limamin Asibiti da Malamin Zaure: Tarihin Kula da Zuciyar Majiyyaci a Yammacin Zamfara

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun wani aiki wanda ba shi da suna guda a Hausa, ko da ya ke kowa ya san shi: watau zama kusa da marar lafiya a ƙarfafa masa zuciya, a tuna masa Ubangijinsa, in kuwa ajali ya zo a raka shi da kalmar shahada, a rarrashi waɗanda ya bari. Mun zaɓi ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, domin a can ne wata masifa ta auku a 2010 wadda ta nuna nauyin wannan aiki a fili.

A ƙasashen Turai aikin yana da ma'aikaci na musamman, wanda za mu kira limamin asibiti. Sunan da Turawa ke kiransa da shi ya samo asali daga kalmar Latin mai ma'anar 'yar alkyabba. An ce wani soja mai suna Martin, wanda daga baya ya zama bishop na birnin Tur a Faransa cikin ƙarni na 4, ya raba alkyabbarsa biyu ya ba wani matsiyaci rabi. Sarakunan Faransa na dā suka adana sauran rabin don neman albarka, malaman kirista masu tsaronsa kuwa suka ci sunan alkyabbar. Asibitocin Turai na farko a hannun majami'u su ke, saboda haka mai addu'a ya riga likita shiga ɗakin majiyyata. Sai a 1925 wani fasto a Amurka, Anton Boisen, wanda shi kansa ya taɓa kwanciya da ciwon taɓin hankali, ya fara koyar da ɗaliban addini a cikin asibitin Wusta yadda a ke sauraron marar lafiya. Da Ingila ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, ta sa limaman asibiti cikin waɗanda ta ke biya albashi.

Ƙasar Hausa ta bi wata hanya dabam. A nan majiyyaci a ɗakinsa ya ke kwanciya, aikin kuwa a rarrabe ya ke tsakanin mutane da yawa. Wanzami yana ƙaho, maɗori yana ɗora karaya, ungozoma tana karɓar haihuwa, boka yana ba da sassaƙe, 'yan bori suna neman shiri da iskoki. Malami shi ne mai tofi da rubutun sha da laya, shi ne kuma mai faɗa wa iyali abin da shari'a ta ɗora musu. Duk almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai zai tarar a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da babi a kan abin da a ke yi wa mai gargara, kamar fuskantar da shi alƙibla da laƙƙana masa kalmar shahada da rufe masa ido, da kuma wani babi a kan neman magani da tofi. Gaida marar lafiya kuwa haƙƙi ne a kan kowane Musulmi. Abin da Turawa suka ɗora wa mutum guda, Hausawa sun raba shi ga unguwa ɗungum.

Ƙasar Zamfara tana da rabo babba cikin wannan ilmi. Bayan Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har suka zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. A tsakanin nan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, daga 1786, ya kuma tarar da mutane suna haɗa Musulunci da tsafin kakanni, musamman wajen neman lafiya. Shugabannin jihadi ba su tsaya ga hani kaɗai ba, sun gane cewa wanda aka hana zuwa wurin boka dole a nuna masa inda zai je. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insani a kan abin da ke gyara addini da jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai da dama kan magani, har da na ciwon ido da na basur da na amfanin filasko, sa'ad da kuma Kyaftin Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da likita. Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi cikin ƙasar Zamfara, ya tara addu'o'i da asirai na waraka a littafinsa Ƙira'ul Ahibba'i. Nana Asma'u kuma a 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani, inda ta jera surori da ayoyi da irin damuwar da a ke karanta kowace dominta, kamar ciwo da naƙuda da tsoro da talauci. Wannan littafi na Nana, a ganinmu, shi ne mafi kusa da abin da limamin asibiti ke riƙewa a hannu, gama ya dubi fargabar mutum kamar yadda ya dubi ciwonsa. Abin lura kuma shi ne, wanda ya nemi likita daga Ingila da wadda ta jera ayoyin waraka 'yan uba ɗaya ne, ba su kuwa ga saɓani tsakanin ayyukan nan biyu ba.

Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Asibiti ya shigo da kaɗan-kaɗan, da fari don soja da ma'aikata, daga baya En'e ta buɗe ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Mutanen karkara sun daɗe suna gudunsa, suna cewa wurin mutuwa ne, ba kuwa tare da rashin dalili ba: ba a kai mutum sai ciwo ya ci ƙarfinsa, in ya mutu a can kuma ya mutu a hannun baƙi, babu mai laƙƙana masa shahada. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa 'yan mishan na Sudan Interior Mission zangunan kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da 'Yadakunya a Kano. A can ne mutanenmu suka fara ganin magani da wa'azi a ƙarƙashin rufi ɗaya bisa tsarin Turai. Kutare da yawa sun sami kulawar da danginsu suka hana su, wannan gaskiya ne. Amma sarakuna da malamai sun yi ta ƙorafi a kan yaran da a ke juya wa addini, abin ya bar zargi a zukata game da duk wani mai addu'a da hukumar asibiti ta kawo. Tsarin ma'aikatan asibitin gwamnati da muka gada bai keɓe wa limami gurbi ba, alhali kuwa soja sun keɓe, har ma Malam Isma'ila Idris, wanda ya kafa Izala a Jos a 1978, limamin soja ne kafin nan. Abin da ya cike gurbin a asibiti shi ne mai jinya, watau ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai kwana a tabarma gefen gado, da masallacin harabar asibiti, da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini.

Gummi ita ce mahaifar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, wanda da shi Sardauna ya kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962. Karatunsa a rediyo da tarjamarsa ta Alƙur'ani zuwa Hausa sun sauya yadda mutane da yawa ke duban laya da duba da sauran sana'ar malaman tsibbu. Almajiransa suka ce a tsaya ga addu'ar da ta tabbata, a kuma tafi asibiti. Malaman ɗariƙu suka kare abin da suka gada daga shehunansu. Ba hurumin wannan takarda ba ne ta raba gardamar. Abin da ya shafe mu shi ne, tun daga lokacin, dangin majiyyaci guda su kan rabu a bakin gadonsa a kan ko a ba shi rubutu ko kada a ba shi.

Yanzu sai mu zo ga 2010. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF da ke yawon binciken sanƙarau suka ji labarin ƙauyuka inda yara ƙanana ke ta mutuwa da amai da jijjiga. An gwada maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, ba su yi ba. Da aka aika da jinin yaran Turai aka auna, sai aka tarar gubar dalma ce. Farashin zinariya ya hau a kasuwannin duniya, manoma suka koma haƙar dutse, su kan kawo shi gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Dutsen kuwa cike ya ke da dalma, irin ma'adinin nan da a ke yin kwalli da shi. Ƙurar ta sauka a ƙasa da abinci da ruwa, yaro mai rarrafe ya sa hannu a baki. Jikin yaro ya fi na babba zuƙar dalma nesa ba kusa ba, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ƙosawa ba, shi ya sa uba mai niƙan ke yawo lafiya lau ɗansa na mutuwa. Ƙauyukan da abin ya fi shafa su ne Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Binciken da aka yi gida-gida a biyu daga cikinsu ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Jimlar waɗanda suka rasu a yankin an ƙiyasta ta da 400 ko fiye.

Mai karatu ya tsaya ya dubi abin da wannan ke nufi ga limamin ƙauye. Shi ne ya sallaci gawawwakin nan, wani lokaci biyu ko uku daga gida ɗaya, tun kafin wani likita ya ji labari. Abin da ya ke da shi na faɗa shi ne abin da ya gada: a yi haƙuri, Allah ya ba da, Allah ya karɓa, yaron da bai balaga ba mai ceton iyayensa ne. Maganar nan ta riƙe iyaye mata da yawa daga zaucewa, kada wani ya raina ta. Amma haƙuri iri biyu ne. Akwai wanda ke sa mutum ya jure abin da ya riga ya auku, akwai wanda ke hana shi tambayar abin da ke kashe 'ya'yansa. Iyakar da ke tsakaninsu a bakin malami ta ke, domin shi ne a ke tambaya ma'anar musiba.

Da aka gano sanadin, sai nauyin ya sake kama. An buɗe ɗakunan jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka, ana ba yara wani magani na sha wanda ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, a kan yi makonni ana sha. Wannan na bukatar uwa ta bar ɗakinta ta tare a asibiti, ga damina ta kama, ga izinin miji. Maganin kuma aikin banza ne in yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba, don haka sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aka kuma fitar da niƙan dutse bayan gari da sa hannun sarakuna da dagatai. A Bagega wannan aiki bai samu ba sai 2013, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin da aka daɗe ana jira. Akwai kuma abin da ya fi duka ɗaci, wanda ba ya cikin littafin likita: uba ya gane cewa sana'ar da ya kawo gida don ya ciyar da iyali ita ce ta kashe ɗansa, uwa ta gane da turminta aka daka. Likitan da ya zo daga wata ƙasa, yana magana ta bakin tafinta, ba shi da abin da zai ce wa wannan mutum. Fiƙihu kuwa yana da shi, gama ya bambanta wanda ya yi da gangan da wanda ya yi cikin rashin sani, ya kuma wajabta kawar da cuta da zarar an san ta. Malamin da ya iya haɗa waɗannan biyu, ya sauke wa uba laifin jiya ya ɗora masa nauyin gobe, ya yi aikin limamin asibiti cikakke ko da bai taɓa jin sunan ba.

Shekara bakwai bayan haka aka ga ɗaya fuskar. A 2017 sanƙarau nau'in C ya ɓarke a Zamfara, allurar rigakafin da aka yi wa jama'a a baya kuwa ta nau'in A ce. A watan Afrilu Gwamna Abdul'aziz Yari ya shaida wa 'yan jarida cewa annobar horo ce daga Allah saboda zinace-zinace, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a Kaduna cewa a nemo allura. Malamai na iya tattauna dangantakar zunubi da bala'i a zaure, littattafai sun yi maganarta. Faɗarta ga uwar da ke riƙe da yaro mai sanƙararren wuya wani abu ne dabam, ladubban gaida marar lafiya da mu ke karantawa kuwa sun ce a sa masa rai da sauƙi, a taƙaita zama, kada a faɗa masa abin da zai ƙara masa damuwa.

A watan Fabrairu na 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga ma'aikatar lafiya ta jihar, bayan ta yi wa dubban yara magani. A lokacin kuwa ta'adin 'yan bindiga ya riga ya tashi ƙauyuka da yawa na Anka da Bukkuyum, mutanensu suka kwararo cikin garuruwa, liman ya yi gabas mamu suka yi yamma, unguwar da a dā ke raba aikin gaisuwa da ta'aziyya ta watse. Maganin dalma yana hana mutuwa, amma ba ya mayar da abin da gubar ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Cikin yaran 2010 da suka rayu akwai waɗanda suka makance, da waɗanda suka kurumce, da masu farfaɗiya, da waɗanda ƙafafunsu suka shanye. An sallame su daga asibiti tun da daɗewa, jinyarsu ta koma ɗakunan iyayensu mata.